Ba kwamfutar ce ta tsufa ba

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, shi kuwa Windows 11 sai na'ura mai guntun TPM 2.0. Duk mai gyaran da ya fake da wannan ya ce wa mai buga takardu a Ƙofar Doka ko Babban Dodo kwamfutarsa ta gwanjo ta mutu, ciniki yake nema.

Xfce, wanda Olivier Fourdan ya fara a 1996, da LXQt kyauta suke a kan Linux, ba sa cinye ƙwaƙwalwar na'ura. Ba shakka sun rage ado, wasu saituna sai da hannu, kuma a madadin Word sai a koyi LibreOffice. To, mai buga wa ɗalibai takardu da tsohon batiri, wuta kuma sai an ga dama, me tagogi masu rawa za su tsinana masa?