Sharhi: Kwatar Nima da Maamobi, yashe ba zai isa ba sai an kwashe bola daga lungu

Duk lokacin da damina ta kankama a Accra, daga Mayu zuwa Yuli, hankalin mazauna Nima da Maamobi kan koma kan babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu. Ruwanta na gangarawa zuwa kogin Odaw, ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Abin da aka jefa a Zongo da dare, ledar fiya wata ko ƙazantar masai, washegari yana hanyar zuwa inda masuntan Jamestown ke neman abinci.

Mutanen Accra sun san tsadar wannan. A ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobara a gidan man GOIL da ke shataletalen Kwame Nkrumah sun hallaka mutum kusan 150, kuma toshewar magudanai na cikin dalilan da aka ambata. Shekara guda kafin nan, kwalara ta kama sama da mutum 20,000 a Ghana, mafi yawansu a yankin Accra.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba. A 2014 aka fara ranar tsaftar ƙasa, Asabar ɗin farko ta kowane wata. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya yi alkawarin mayar da Accra birni mafi tsafta a Afirka, ya kafa ma'aikatar tsafta da kuma asusun raya unguwannin Zongo. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 ga shirin GARID domin yashe Odaw da gyara magudanai, kuma Nima na cikin unguwannin da aka zaɓa. A 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, inda ake ƙona wayoyin lantarki a bakin kogin. Duk da haka, kwatar na ci gaba da cika.

Dalilin yana cikin lungu. Yawancin hanyoyin Nima sun yi wa motar shara ƙunci. Magidanci ko mai sayar da waakye sai dai ya biya mai aboboyaa, wato babur mai ƙafa uku, ko ya kai bolar wurin kwantena, can ma ya biya. Gidajen haya da yawa kuma ba su da masai, sai na kuɗi. A irin wannan hali kwata ce kaɗai ba ta karɓar ko pesewa ɗaya, shi ya sa da hadari ya haɗu wasu ke fito da buhunan shara su miƙa wa ruwa. Kiran mutane ƙazamai ba zai sauya wannan lissafi ba.

Saboda haka ma'aunin nasara shi ne gida nawa ake kwashe wa shara a ƙofa kowane mako. Ƙananan hukumomin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, da ke kula da Nima da Maamobi, na iya yi wa masu aboboyaa rajista, a raba musu layuka, a ƙayyade farashi, a kuma ba su wurin sauke kaya kusa. Idan juji ya yi nisa, wasunsu a bakin kogi za su juye. Haka nan tallafin gina masai a gidaje, irin wanda aka fara ƙarƙashin shirin GAMA, na bukatar a ci gaba da shi tare da tilasta wa masu gidajen haya. Kamfanonin da ke cika gari da leda su ma su ɗauki wani kaso na kuɗin kwashe ta.

Sarakunan Zongo da limamai na da rawar takawa, amma huɗuba kan tsafta ta fi tasiri idan akwai inda mai sauraro zai kai shararsa bayan sallah. Matasa kuma na da damar tambayar wakilansu nawa aka ware wa tsafta bana, kuma ina kuɗin suka shiga.

Mai karatu a Kano ya san Jakara, na Yamai ya san Gunti Yena. Darasin ɗaya ne: ana iya kashe miliyoyi a yashe magudana, amma muddin zuba shara a cikinta ya fi kai ta juji sauƙi da arha, damina mai zuwa za ta sake cika ta.