Sarkin yawa ko sarkin ƙarfi? Kafin a sayo uwar garke



Duk lokacin da aka buɗe rajistar sabon zango a manyan makarantunmu, kuka ɗaya ake ji: shafi ya ƙi buɗewa. Ɗalibi ya biya kuɗi amma takardar shaida ba ta fito ba, wa'adi kuma yana ƙaratowa. Daga nan sai hukuma ta zauna ta yanke shawarar sayo sabuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin da rumbun bayanan ɗalibai. Ɗan kwangila kuwa abin da yake fara nunawa a takardarsa shi ne yawan ƙwayoyin da ke cikin masarrafar na'urar. A ganina wannan adadi shi ya fi yaudarar kwamitocin saye, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a yau.

Masarrafa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. A da ƙwaya ɗaya ce a cikinta, kamfanoni suna ta tseren ƙara mata sauri. Wajajen 2005 zafi da cin wuta suka taka wa tseren birki, sai Intel da AMD suka koma jera ƙwayoyi da yawa a masarrafa guda, kowace tana aikinta tamkar hannu mai zaman kansa. Yau akwai samfurin EPYC na AMD mai ƙwaya 192.

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a ɓangaren shafin intanet maganar haka take. Ɗalibai dubu da suka nemi shafi a lokaci guda, buƙatar kowa ba ta rataya da ta ɗan'uwansa ba, don haka ana iya raba su ga ƙwayoyi kamar yadda ake raba layi ga masu karɓar kuɗi a banki.

Rumbun bayanai kuwa halinsa daban ne. A ce gado ɗaya ya rage a ɗakin kwanan ɗalibai, mutum ɗari na nemansa. Dole rumbun ya kulle wannan layi na rajista, ya sallami mutum ɗaya kafin ya saurari na biyu, in ba haka ba sai a ba mutum biyu gado ɗaya. Irin wannan aiki bi da bi ake yin sa, ko hannu nawa ke tsaye. Tun 1967 masani Gene Amdahl ya fayyace lissafin. Idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, ƙwaya 16 za ta ninka saurin sau shida da ɗoriya, ƙwaya 64 kuma ba za ta kai ninki tara ba. An ninka hannuwa sau huɗu, ribar ba ta taka kara ta karya ba. A nan ƙwayoyi kaɗan masu sauri sun fi tarin masu nawa, musamman da yake galibi masarrafa mai ƙwayoyi da yawa ana rage saurin kowace ƙwaya don kada zafi ya yi yawa.

Sau da yawa ma laifin ba na masarrafa ba ne. Tana zaune ne tana jiran bayanai daga faifan ajiya. Ma'adanar wucin gadi mai faɗin da za ta ɗauke bayanan da ake yawan nema, da faifai na zamani marar juyawa, su kan warkar da ciwon da ƙarin ƙwaya 50 ba zai warkar ba. Haka nan manhajar da aka rubuta da ganganci, wadda ke bin sunayen ɗalibai kaf don neman mutum ɗaya, za ta durƙusar da kowace na'ura.

Sai batun kuɗin da ba ya bayyana a takardar kwangila. Tun 2012 Microsoft ke sayar da lasisin SQL Server bisa adadin ƙwayoyi, Oracle ma da ƙwaya yake lissafi. Wanda ya ninka ƙwayoyi ya ninka kuɗin lasisi, da dala kuwa ake biya. Masu amfani da PostgreSQL ko MySQL na kyauta sun tsira daga wannan, amma ba su tsira daga wuta ba. Manyan masarrafan nan na iya jan wat 500. In tana aiki tuƙuru dare da rana, yunit 360 ke nan a wata. A Afrilun 2024 da farashin rukunin A ya haura naira 200 kan kowane yunit, wannan ya zarce naira 72,000 a wata ga masarrafar kaɗai, ban da na'urar sanyaya ɗaki da man janareta, a ƙasar da zafin bazara kan wuce digiri 40.

Shawarata ga kwamitoci ita ce a fara da awo. A duba na'urar da ake da ita ranar da rajista ta fi cunkoso, a gano inda ta shaƙe: masarrafa ce, ma'adana ce, faifai ne ko layin intanet. In za a saya, matsakaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya: mai yawan ƙwayoyi ta riƙe shafi, mai saurin ƙwaya da wadatar ma'adana ta riƙe rumbu, don kada cunkoson ɗaya ya shaƙe ɗayar. A lissafa kuɗin wuta da lasisi na shekara biyar tare da farashin saye. Kada kuma a biya ɗan kwangila sai an gwada na'urar da buƙatu dubbai a lokaci guda, a gaban ma'aikatan da za su riƙe ta.

Kuɗin nan na jama'a ne, kuma kowace naira da ta tafi ga ƙwayar da ke zaman banza, an hana ta ɗakin karatu ne ko ɗakin gwaje-gwaje.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.