Labarin Zuciya a Tambayi Bango

Makalar wannan makon daga Istanbul ta fito, birnin da kakanninmu ke kira Santambul, inda mu biyu daga cikin 'yan wannan zaure muka cika shekara guda muna karatun fasahar tsara zane. Aikin da ake koyo a nan shi ne haɗa rubutu da hoto da launi su isar da saƙo, ko a bangon littafi, ko a fasta, ko a tambarin kamfani. Kafin mu taho, rubutu muke yi kamar kowa a nan, kuma kamar kowa mun ɗauka cewa da an ɗiga aya ta ƙarshe aikin marubuci ya ƙare, sauran na mai kwamfuta ne. Shekarar nan ta sauya mana wannan tunani. Ra'ayinmu a yau shi ne: yadda rubutu ya zauna a kan shafi ɓangare ne na rubutun, kuma marubucin da ya sakar wa wani wannan ba tare da ya duba ba, ya saki rabin amanar da ke wuyansa.

Bari mu fara da kunyar da muka sha. Mun iso da tinƙahon mun iya Photoshop da CorelDRAW, don a gida mun sha yi wa abokai katin biki da bangon littafi. Sai ga shi kusan duk zangon farko ba a bar mu mun taɓa kwamfuta a darasin tushen zane ba. Fensir ne, da aska, da baƙar takarda. A ce ka yanka murabba'i huɗu baƙaƙe, ka jera su a kan farar takarda yadda mai kallo zai ji tsoro, gobe kuma da murabba'in nan huɗu ka nuna natsuwa. Irin wannan koyarwa ta samo asali ne daga makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919, wadda ta tilasta wa kowane ɗalibi ya fara da siffa da launi kafin ya zaɓi fanni. A lokacin haushi muke ji, muna ganin kuɗin makaranta da wahalar neman biza sun tafi a yankan takarda. Daga baya muka gane ana raba mu ne da wata cuta da muka zo da ita, cutar cika shafi.

Ranar da aka ba mu aikin fasta na farko, muka zuba duk abin da muka iya: launi bakwai, samfurin haruffa biyar, inuwa a bayan kowane harafi, fure a kowace kusurwa. A wannan fanni akwai al'adar manna aikin kowa a jikin bango, ɗalibai da malamai su kewaye shi suna faɗin abin da suka gani. Malamar ta tsaya gaban namu, ta tambayi ajin inda idonsu ya fara sauka. Mutum goma suka ba da amsa goma. Ta ce to ke nan babu abin da fastar ta faɗa, don wanda ya kira mutum daga wuri goma a lokaci ɗaya bai kira shi ba. Mun koma ɗaki a ranar ba mu iya cin abinci ba. Amma da muka natsu, sai muka ga ai littattafanmu take sifantawa. Babi ɗaya taurari goma sha biyu, kowa da tarihinsa tun daga kakan kakansa, shafi uku ana lissafa kayan ɗakin amarya, mai karatu ya rasa wa zai bi. Mai zane da marubuci tambaya ɗaya suke amsawa: mene ne na farko, mene ne na biyu, mene ne za a cire?

Darasi na biyu shi ya fi yi mana ciwo, kuma shi ne dalilin wannan makala. An ce kowa ya tsara shafi da harshensa. Muka zaɓi wani kyakkyawan samfurin haruffa, muka zuba sakin layi na Hausa. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka zo, sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsu, ko kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani samfuri daban, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Muka yi abin da muka saba yi a gida: muka goge lanƙwasar, muka bar k da d da b. Wata 'yar ajinmu Baturkiya ta lura, ta tambaye mu ko ma'ana ba ta canzawa. Muka ce tana canzawa, amma mai karatu zai gane. Ta yi mamaki ƙwarai, ta ce su samfurin da ba shi da ş ko ğ ba ya ma shiga lissafi.

Ku duba tarihin. Turkawa sun bar rubutun Larabci sun koma haruffan Latin a 1928, da haruffa 29, cikinsu har da ç, ğ, ı, ö, ş da ü. Bokon Hausa ma a wannan zamanin ya daidaita, a shekarun 1930, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kusan sa'o'in juna ne. Amma yau ka zaga Istanbul, daga allon tashar jirgin ƙasa har takardar mai sayar da shayi, da wuya ka ga an yar da ɗigo ko wutsiyar harafi. Mu kuwa har a bangon littafi, inda kalmomi ba su wuce biyar ba, sai ka ga an rubuta "Bakin Dare" kana tambayar kanka: bakin ne, ko baƙin? "Ya bata kuɗi" da "ya ɓata kuɗi" labari biyu ne. "Karya" da "ƙarya" ba sa zama a jimla ɗaya lafiya. Wanda ya rubuta "ta yi bari" yana nufin ɓari ya mayar da mafi nauyin jimlar littafinsa abin tsayawa a yi canki-canka.

An ce mai karatu zai gane. Bahaushen da ya girma da harshen zai gane, bayan ya koma baya ya sake karanta jimlar, kuma duk komawar nan fita ce daga cikin labarin. Yaron da ke koyon karatu fa? Ɗan Hausawan Kumasi ko na Sudan da Hausarsa ta ji ce kawai? Shi abin da ya gani shi zai ɗauka daidai. Uzurin da muke bayarwa a da, cewa na'ura ba ta da haruffan, ya daɗe da mutuwa. Dukansu suna cikin tsarin Unicode, madannin waya irin Gboard yana da Hausa, kuma akwai samfuran haruffa na kyauta da ke ɗauke da su cif, irin su Noto na Google, da Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL. Har Ajami ba a bar shi a baya ba: SIL ɗin ta fitar da wani samfuri mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. Abin da ya rage mana ko-in-kula ne.

Darasi na uku a zango na biyu ya zo. Bayan mun koyi tsabtace shafi, sai muka zarce: duk aikinmu ya koma fari fes da haruffan Helvetica, samfurin nan na Suwizalan da aka fitar a 1957. Aiki ya yi kyau, amma ba za ka bambanta namu da na ɗan Jamus ko ɗan Koriya ba. Wani malami ya tambaye mu ko a garinmu babu zane ne. Muka yi shiru, don amsar ta fi ƙarfin bakinmu. Mun tashi muna ganin zanen da magina ke yi a fuskar gidajen Zariya da Kano, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi, da zayyanar da alarammomi ke yi a Alƙur'anin da suka rubuta da ka, da shuɗin karofin Ƙofar Mata. Ba mu taɓa kiran ɗayansu da sunan ilimi ba, sai da muka ga yadda Turkawa ke riƙe da nasu. A nan rubutun hannu na Larabci fanni ne da ake karanta a jami'a, ana kuma zaman shekaru a gaban malami kafin a samu ijaza. Ka shiga Ayasofiya ka ɗaga kai ka ga manyan faifai takwas ɗauke da sunan Allah, da Manzonsa (SAW), da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini, aikin Mustafa Izzet na ƙarni na 19, ka ga ɗaliban zane a tsaye suna kwaikwayon lanƙwasar haruffan a littafinsu. Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa a koyi dabarar Turawa amma a gina ta a kan abin gida.

To mu dubi bangon littattafanmu na yau, musamman na intanet. Labarin Talatu 'yar Ɗanbatta ne, amma a bango wata jarumar Indiya ce ko Balarabiya da aka kwaso hotonta ba da izini ba, an lafta mata suna da launin zinare. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma bango shi ne fuskar littafi. Irin wannan bango yana gaya wa mai karatu cewa marubucin kansa bai yarda Talatu ta isa a kalle ta ba. Ban da haka, hoton yana da mai shi. Mu da muke kuka kullum ana satar littattafanmu ana rabawa a WhatsApp, bai kamata mu buɗe littafi da kayan wani ba.

Mun san abin da za a ce, don mu ma mun faɗe shi. Za a ce babu kuɗi, marubucin da ke fama da kuɗin data ina zai samu na biyan mai zane. Za a ce masu karatu a waya labari suke nema, kuma littattafan da suka fi tashe ba su ne suka fi tsari ba. Akwai gaskiya a ciki. Kyan bango ba ya ceton labarin da ba shi da daɗi, kuma adabin kasuwar Kano ya raya karatun Hausa da 'yan littattafai masu araha a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai yawancin abin da muke kira gare shi ba ya cin ko sisi. Ragewa kyauta ce. Kuma idan burinmu littafin Hausa ya shiga aji, ya shiga gasa, ya hau kantar da ake jera littattafan wasu harsuna, to a can da ido ake fara yanke hukunci kafin a karanta layi ɗaya.

Ga abin da kowa zai iya farawa da shi daga littafin da ke hannunsa yanzu. Kafin ka amince da kowane samfurin haruffa, rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ ka gani ko sun fito daidai da 'yan uwansu, 'yan uwanmu na Nijar su ƙara da ƴ. Kada samfuri ya wuce biyu a littafi, ɗaya na kanu, ɗaya na gundarin rubutu. Layi kada ya yi tsawo, harafi 45 zuwa 75 shi ne abin da ido ke bi ba ya ɓata hanya. A bar sarari a gefen shafi da tsakanin layuka, kuma maganar kowane tauraro ta fara a sabon layi. A bango, abu ɗaya ya zama babba, ko suna ko hoto, sannan ka ƙanƙanta shi kamar yadda zai fito a fuskar waya ka ga ko sunan yana karantuwa.

Idan kuma maɗaba'a za a kai, a sani cewa fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, shi ya sa launin da ke ƙyalli a waya kan fito a dushe a takarda. A nemi gwaji guda a riƙe a hannu kafin a buga dubu. Hoto ya kasance mai ɗigo 300 a kowane inci, kuma kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, don manhajar tana matse shi, a tura shi a matsayin fayil. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Na ƙarshe kuma, wanda ya yi maka zane ka rubuta sunansa a littafin, ka biya shi ko kaɗan ne. Shi ma mai fasaha ne kamarka.

Shekara ɗaya ba ta mayar da mu gwanaye ba, saura uku a gabanmu, kuma har yanzu ana manna aikinmu a bango ana yi masa fata-fata. Abin da ya canza shi ne mun daina jin haushin hakan, har mun fara fatan a samu irinsa a wannan zaure: mutum ya kawo babinsa da bangonsa, a gaya masa inda ido ya fara sauka da inda ya gaji, ba "masha Allah, ci gaba" kaɗai ba. Mu dai mun buɗe tsohon littafinmu da muka saki shekara biyu da suka wuce, mun ƙirga kalmomi 31 da muka cire wa lanƙwasa a shafin farko kawai. Mun fara gyara. Kowa ya buɗe nasa ya ƙirga.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.