Fitilar Da Ke Fara Haska Mai Riƙe Da Ita

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba mu zauna a ɗakin cin abinci ko a gindin bishiya mun yi tir da masu cin hanci da ɓarayin gwamnati ba. Gaskiya muke faɗa. Amma fa masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wane ne a cikinmu ya taɓa tashi ya ce, "Ni ne na kwafi aikin abokina, ni ne na sa hannu a takardar kuɗin tafiyar da ban yi ba"?

A koyarwar addinin Kirista Allah haske ne, kuma aikin haske na farko shi ne tonawa. Bisharar Yohanna, sura 3, ta bayyana cewa mai aikata mugunta yana gudun haske don kada a ga ayyukansa. Labarin Sarki Dauda ma ya isa misali. Ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Da Annabi Natan ya ba shi labarin wani mawadaci da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci, sai Dauda ya husata ya yanke wa mawadacin hukunci, bai san kansa yake yanke wa ba. Haka muke mu ma, alƙalai masu kaifin ido a kan shari'ar wani.

To, me zai faru idan jama'a suka ɗauki wannan koyarwa da gaske? An gani a Gabashin Afirka. A 1929 wani likita Bature, Joe Church, ya sadu da wani ma'aikacin gwamnati ɗan Uganda, Simeoni Nsibambi, a Kamfala, suka zauna suna nazarin Littafi Mai Tsarki tare. Daga nan wata farkawa ta taso, ta yi ƙarfi a asibitin mishan na Gahini a ƙasar Ruwanda, sa'an nan ta bazu zuwa Uganda da Kenya da Tanganyika. Ana kiran mabiyanta Balokole, wato waɗanda aka ceta, kuma tafiya cikin haske ita ce ginshiƙin al'adarsu. Mutum yakan miƙe a gaban 'yan'uwa ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya mai da abin da ya sata, ya nemi gafarar wanda ya zalunta. Bature ɗan mishan ma yakan amsa girman kansa a gaban baƙar fata, a zamanin mulkin mallaka!

Kada a zaci abin ya tafi sumul. A 1941 an kori ɗalibai fiye da 20 daga kwalejin horar da limaman coci da ke Mukono, saboda sun ƙi daina taronsu na asuba da wa'azinsu mai zafi. Akwai kuma aibin da ya kamata a faɗa: wani lokaci mai furta laifi a bainar jama'a yakan tona asirin wanda ba a nemi yardarsa ba, wasu kuma sun mai da tuban kansa abin alfahari, suna raina wanda bai yi irin nasu ba. Saboda haka ban ce kowa ya hau dandamali ya zazzage cikinsa ba. Abin da na ce shi ne a amsa laifi ga Allah, a kuma amsa shi ga wanda aka yi wa, a biya abin da za a iya biya.

Wani zai ce wannan duban kai yana kashe zuciya, yana hana mutum fafutukar gyaran ƙasa. Tarihi bai goyi bayansa ba. Janani Luwum, malamin makaranta ne lokacin da ya tuba ta hanyar Balokole a 1948. Ya zama Babban Bishop a 1974. A watan Fabrairu na 1977 shi da sauran bishop-bishop suka kai wa Idi Amin takardar ƙorafi a kan kashe-kashen da sojojinsa ke yi. Ran 16 ga watan aka kama shi, aka kashe shi, gwamnati ta ce haɗarin mota ne. Mutumin da ya saba tsayawa a gaban Allah ba tare da ɓoye-ɓoye ba, da wuya barazanar mai bindiga ta rufe masa baki. Wanda kuwa yake da abin ɓoyewa, kowane azzalumi yana da igiyar da zai ja shi da ita.

Gobe mu ne za mu riƙe fayil da hatimi da baitulmali. Satar amsa a ɗakin jarrabawa ita ce ke girma ta zama satar kwangila, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin mu ɗaga fitila mu haska ofishin wani, mu fara juyo da ita kan littafinmu da aljihunmu. Allah ya ba mu ƙarfin halin yin haka, amin.