RA'AYINMU: Shin Masoya Fina-finan Gawarwaki Masu Tafiya Sun Kafa Addini Ne?

A wani ƙaramin gari mai suna Evans City da ke jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, akwai wata maƙabarta wadda baƙi ke niƙo gari daga nesa domin su ziyarta. Ba wani nasu ne kwance a can ba, ba kuma tuna lahira ke kai su ba. A wurin ne George Romero ya ɗauki farkon fim ɗinsa na 1968, wato Night of the Living Dead, wanda a cikinsa gawarwaki ke tashi suna cin naman rayayyu. Irin waɗannan gawarwaki ne ake kira zombi. Sa'ad da ɗan ɗakin ibadar da ke cikin maƙabartar ya tasar ma rushewa, masoya fim ɗin ne suka fara karo-karo a 2011, suka tara dubban daloli aka gyara shi. Wannan da makamantansa ne suka sa ake tambaya: anya abin nan bai zama addini ba?

Idan a zahiri ake magana, lalle akwai kama. Suna da wuraren ziyara, kamar babbar kasuwar Monroeville inda aka ɗauki fim na biyu da ya fito a 1978. Suna da idinsu, domin tun daga farkon shekarun 2000 jama'a kan fito tituna a birane irin su Toronto, sun shafe fuska da jinin ƙarya, sanye da tsummokara, suna jan ƙafa kamar matattu. Har da saɓanin mazhaba suna da shi. Bayan fina-finan 2002 da 2004 sun nuna dodannin suna sheƙa gudu, sai masu riƙo da tsohon tafarki suka ce wannan ƙirƙira ce, gawar ƙwarai tafiyar hawainiya take yi, kuma shi kansa Romero ya goyi bayansu. Mu da muka daɗe muna fama da batun bidi'a, dole wannan ya ba mu murmushi.

Amma duk da haka, 'yan'uwa, amsarmu ita ce a'a, kuma adalci ne ya wajabta mana faɗin haka. Addini ya ginu ne a kan gaskatawa da miƙa wuya. Babu mai hankali a cikinsu da ya gaskata cewa zombi na nan, babu mai roƙon Romero ruwan sama ko haihuwa, babu halal babu haram. Inda labarin ya taɓa zama aƙida shi ne tushensa, wato ƙasar Haiti, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka yi imani cewa boka na iya tayar da mamaci ya sa shi bauta a gonar rake. Wannan tsoro ne na mutanen da suka ɗanɗani bauta, har suna fargabar kada ta bi su kabari. Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a cikin wannan tsakani ne kuma, a 1932, aka yi fim ɗin White Zombie. Abin da yake kukan wasu sai ya zama hajar kasuwar wasu.

To, mene ne namu a ciki? Abu biyu ne.

Na farko, Romero ya mutu a 2017, shekara ɗaya bayan haka sai masoyansa suka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a cikin kasuwar nan ta Monroeville. Ba mu ce suna bauta masa ba. Sai dai mun san ruwayar Abdullahi ɗan Abbas (RA) da Imam Bukhari ya kawo game da gumakan mutanen Annabi Nuhu (AS): Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru sunayen mutanen kirki ne, waɗanda aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa kawai. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilimi ya gushe, sannan na baya suka yi. Zuciyar ɗan Adam an halicce ta da buƙatar girmamawa da ziyara da taruwa, in ba ta sami mahallin da ya dace ba, za ta zuba su a duk inda ta samu, ko da a kan gawar ƙarya ce.

Na biyun ya fi kusa da gidajenmu. Waɗannan fina-finai sun ɗauki tashi bayan mutuwa, wanda yake rukuni ne na imaninmu, sun cire masa hisabi. A cikinsu matattu na tashi, amma babu tambayar kabari, babu mizani, babu sakamako. Salihi da fajiri duk makomarsu ɗaya, kuma wanda ya tsira shi ne mai bindiga da harsashi. Shirin The Walking Dead ya shafe daga 2010 zuwa 2022 yana nanata wannan darasi, kuma a yau yaron da ke riƙe da wayar hannu a Kano ko Maraɗi ba ya buƙatar zuwa gidan kallo kafin ya same shi. Ba ma tsoron yaranmu su koma addinin zombi, tun da babu shi. Tsoronmu shi ne yaro ya ga matattu sun tashi sau ɗari a waya kafin malaminsa ya kai shi babin tashin alƙiyama sau ɗaya.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantunmu na Islamiyya da kada su jinkirta darasin barzahu da ranar sakamako zuwa manyan azuzuwa. Iyaye kuwa, maimakon ƙwace waya da faɗa, su zauna da yaron bayan sallar Isha'i, su tambaye shi abin da ya kalla, sannan su tambaye shi abin da zai faru da mutum bayan an binne shi, su saurari amsar da zai bayar.