A Gyara Tsohuwar Minna, Amma Ba da Katafila Ba

Duk sa'ad da aka ce za a "sabunta" tsakiyar Minna, mu mutanen Limawa da Kwangila da Maƙera gabanmu faɗuwa yake yi. Mun san fassarar kalmar: jan fenti a bango, sai katafila. Haka aka yi wa tsohuwar babbar kasuwa ta wajen Mobil zamanin gwamnatin Babangida Aliyu, aka kwashe 'yan kasuwa zuwa Kasuwar Kure, filin ya yi shekaru yana jiran alkawari.

Ba gyara muka ƙi ba. Wa ke son kwata a ƙofar gidansa? Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki tsohuwar unguwa tamkar bola. Ƙasar Gwari ce, ba mu musu, amma jirgin ƙasa ne ya mai da Minna birni, tun da layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan wajen 1911. Dogon nan kakanninmu suka biyo, leburori da fatake da mahauta da malamai, tun kafin a yi mafarkin Jihar Neja a 1976. A garin nan aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, aka haifi Ben Okri a 1959. Tambayi yaron unguwa ko ya sani. Ina zai sani, alhali ko allo ɗaya ba a kafa a kan hanyarsa ba?

Za a ce ai ga zauren U.K. Bello. Madalla da shi, amma maƙeri ba zai ɗauki zugazuginsa ya shiga can ba, baduku ma haka. A Kano ba a rushe Gidan Makama ba, gidan tarihi aka mai da shi, kuma har gobe ana rini a marinar Ƙofar Mata, baƙi na zuwa kallo suna saye. Mu ma muna da tsofaffin gine-ginen reluwe. A nemi izinin hukumar jiragen ƙasa, a gyara su, a ba maƙera da dukawa da masu ɗinkin hula rumfuna kusa da matan Gwari masu tukwane, kan haya da talaka zai iya. A ware ɗakin karatu, da dandalin dambe da tashe.

Mu ma da namu laifin fa. Gidan gado mai soro, magada sun sayar, an dasa filaza, an cika ta da shagunan cajin waya, sannan a dawo majalisa ana kukan an shafe tarihinmu. Wasunmu kuwa da sun ji "al'ada" sai su ce shiririta ce, kamar ba da ɗinki da ƙira aka ciyar da su ba.

Masu unguwanni, ku rubuta sunayen tsofaffin gidaje da zaurukan karatu da masu sana'ar da suka rage, a kai fadar Sarkin Minna da ma'aikatar filaye tun ba a zo da bokitin fenti ba.