Waiwaye: Ƙaron Kordofan da Ɗakunan Gwajin Khartum

A shekarar 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester suka riƙa manna salatif a jikin girafait, baƙin nan na cikin fensir, suna ɓamɓarewa, har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra guda. Shi ake kira girafin, kuma sai an jera kusan miliyan 3 kafin a tashi milimita ɗaya. A irin wannan siranta, ƙwayoyin lantarki sukan yi gudu tamkar ba su da nauyi, bisa ƙa'idar kwantom. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2010.

A wannan shekara ta 2004 ne Nashwa Eassa, haifaffiyar Omdurman ta Sudan, ta gama digirin fiziks a Jami'ar Khartum. Neman ƙarin ilimi ya kai ta Linköping a Suwidin, sannan Afirka ta Kudu inda ta yi dakta. Ba ta zauna can ba, ta komo Jami'ar Al-Neelain tana koyarwa, tana nazarin ƙananan ƙwayoyin da za su tsarkake ruwan sha da hasken rana. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier.

Ke nan Sudan ba ta rasa masu basira ba. Ba ta kuma rasa kayan aiki daga daji ba, domin babu ƙasar da ta kai ta fitar da ƙaro. A 2013 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka zuba garin girafait a ruwan ƙaro, suka girgiza shi da igiyar sauti, fallayen girafin suka rabu, ƙaron ya hana su sake haɗewa. Duk almajirin da ya taɓa dama tawada ya san wannan aiki: ƙaro ne ke riƙe baƙin kada ya kwanta a gindin kurtu. Amma manomin Kordofan a buhu yake sayar da nasa, ribar ilimin kuwa tana wajen mai na'ura.

Na'urar kuma ba ta son tashin hankali. Tana buƙatar wuta tsayayyiya, da ɗaki marar ƙura, da ma'aikacin da ya shekara yana sanin halinta. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Khartum da Omdurman, aka wawashe gine-gine, malamai suka watse zuwa Masar da sauran ƙasashen Larabawa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Jigawa da Yobe da Borno ma ƙaro suke fitarwa ɗanye, kuma muna tura yara karatu waje su dawo su tarar da ɗakin gwaji a kulle. Kafin a ƙara ware kuɗin tallafin karatu, a fara tambayar shugabannin jami'o'in Zariya da Kano: wace na'ura ce ke aiki yau, kuma wa ke kula da ita?